Ranar da Mama ta sauko da mu daga dutse

Makon jiya ina tsaye a bakin titi a Old Trafford ina jiran bas, sai wani mai koyon tuƙi ya zo ya maƙale a gaban danja. Ya yi ta taka totur, mota tana kuka ba ta motsa ba. Can sai wani ƙauri ya bugo ni, ƙaurin kuloci idan ya ƙone, kamar an jefa roba da tsumma cikin garwashi. Ban san lokacin da na lalubi benci na zauna ba. Wata tsohuwa da ke jira kusa da ni ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata lafiya lau. To, me zan ce mata? Ba yadda za a yi in gaya wa baƙuwa cewa ƙaurin nan ya mayar da ni 'yar shekara goma, a kan wani dutse a Wales, da dukan mutanen gidanmu cikin mota ɗaya. Amma kai da ka zauna kana karatu, bari in ba ka labarin yadda ya faru.

Mu huɗu ne a gida a lokacin: Baba, Mama, ni, sai ƙanena da bai fi shekara biyar ba. Muna zaune a Whalley Range, a saman wani tsohon gida babba da aka yayyanka aka mayar flat-flat, mai matattakalar katako da ke ƙara ko mage ce ta taka. Baba likita ne, irin na unguwa da ake ce wa GP, mutum mai yawan dariya da son sabon abu. Mama kuwa matsoraciya ce, kuma ba ta ɓoyewa. Tana tsoron kare, tana tsoron tsawa, ba ta shiga lif ita kaɗai. Ta iya mota tun a Kano, a tsohuwar motar yayanta ta koya, ta kuma ci jarrabawar tuƙi a nan. Amma iyakarta daga gida zuwa makarantarmu, daga makaranta zuwa shagon nama. In aka ce za a hau babbar hanya, sai ta miƙa wa Baba mukulli.

A dogon hutun shekarar, Kaka ta zo daga Kano, wato mahaifiyar Baba. A wurinmu ta fara sauka, daga baya ta koma Birmingham wurin Baffa, ƙanin Baba, da ke zaune a Small Heath. Ta fi son can. Ta ce in ta leƙa ta tagar Baffa tana ganin mutane, mata da mayafi, maza suna tafiya masallaci, a wurinmu kuwa sai itatuwa da motocin da ba kowa a ciki. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ita take ce mini takwara, Baba kuma yake ce mini uwata.

A ƙofar gidan wani abokin Baffa ne Baba ya ga motar. Irin wadda ake ce wa motorhome ce, gida sukutum a kan taya: ga gadaje, ga murhun gas, ga ƙaramin firij, har da banɗaki wanda in ka shiga gwiwarka tana taɓa ƙofa. Mai ita ya ce a ɗauka a yi 'yan kwanaki, ai a ajiye take. Daga ranar Baba ba shi da magana sai ta duwatsu da iska mai kyau. Baffa ya so ya bi mu, aiki ya hana shi. Da aka gaya wa Kaka, ta daɗe tana kallon Baba.

"Yanzu kai da gidanka, da gadonka, da ruwan zafi a famfo, ka kwashi iyali ka tafi jeji ka kwana? Wa ya kore ka?"

"Hutu ne, Hajiya. Haka mutanen ƙasar suke hutawa."

"To, Allah ya ba su lafiya," in ji ta. Amma ranar tafiya ita ta riga kowa shiryawa, da butarta da dardumarta da barguna.

Layin su Baffa ƙunci gare shi, gidaje manne da juna, motoci jere hagu da dama. Sai da maƙwabta suka fito, wannan yana cewa taho, wancan yana cewa tsaya, kafin Baba ya fitar da motar bakin titi, gumi ya jiƙa masa riga. Matar Baffa ta cika mana firij da miyar kaza, ta ɗora mana dambun nama da cincin cikin bokiti. Cokula suna kaɗawa a durowa, labule yana rawa, ni da ƙanena muna zaune a teburi muna cin abinci alhali gari yana wucewa ta taga. Ban taɓa jin daɗin tafiya kamar na safiyar nan ba.

Daɗin ya ƙare ne inda kwalta mai faɗi ta ƙare. Bayan wani ɗan ƙauye mai gadar dutse, hanya ta tsuke ta koma faɗin mota ɗaya, ta fara hawa. Hannun dama dutse ne tsaye, ruwa yana tsatsa a jikinsa. Hannun hagu kuwa, gefen da Mama take zaune, babu komai. 'Yar ciyawa ce, sai wata gajeriyar katanga da ta rushe a wurare da yawa, daga nan sai sarari, can ƙasa ƙorama siririya da tumaki kamar an watsa shinkafa. Mama ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta, ta juya wa tagar baya. Baba yana tsokanarta wai ta duba ikon Allah, ta ce ta yi imani ba sai ta gani ba. A tsakiyar hawan akwai ƙyauren ƙarfe da ya tare hanya don kada tumaki su fita. Ni aka sauke na buɗe shi. Sakatar tana da tauri, sai ka ɗaga ƙyauren da kafaɗa kafin ta zame.

Wurin kwanan wani fili ne a bayan gidan gona, can kusa da ƙolin dutsen. Famfo ɗaya, ɗan ɗakin wanka na langa-langa, tantuna kaɗan a warwatse. Mai wurin wata dattijuwa ce mai jan kumatu da karenta. Ta nuna mana inda za mu tsaya, ta ja mana kunne a kan ƙyauren nan, duk wanda ya buɗe ya rufe. Ta kuma ce waya ba ta kamawa a nan, mai buƙata ya zo cikin gida ya yi da tata ta tebur. Baba ya ɗaga wayarsa ya ga ba sabis ko ɗigo, ya yi dariya ya ce alhamdu lillahi, yau dai ba mai nemansa.

In gaya maka gaskiya, yinin farko ya yi daɗi. Iska tana ƙamshin ciyawa da kashin tumaki. Kaka ta naɗe da bargo a kan kujera tana sukar tumakin, wai jela kamar ta kare, ba wadda za ta yi layya a cikinsu. Mun yi salla a kan ciyawa mai laima, sanyi yana ratsa darduma yana taɓa goshi. Mama ma ta sake, har ta bar ƙanena ya cire takalmi.

Kashegari rana ta fito sosai. Tun da hantsi masu tantuna suka saɓa jakunkuna suka haura ƙolin dutsen. Mai gonar ta loda tumaki a tirela ta ɗaga mana hannu, ta ce kasuwa za ta, sai yamma. Filin ya zama namu mu kaɗai. Bayan azahar Mama ta shimfiɗa tabarma a gefen mota, aka zuba shinkafa da miya, aka buɗe lemon gwangwani. Ƙarshen zafi ne, lokacin da rina take yawa a ƙasar nan, tana bin duk wani abu mai zaƙi. Mun yi ta kora da hannu. Baba yana ba Kaka labarin wani mara lafiyarsa, ya miƙa hannu bai duba ba ya ɗauki gwangwaninsa ya kurɓa.

Ya tofar. Ya dafe wuya ya yi tari, wani abu mai rawaya da baƙi ya faɗo kan tabarma yana juyi. Ƙanena ya yi dariya. Ni ma na fara, sai na ga fuskar Baba. Ba fuskar wanda ya ji zafi ba ce. Fuskar mutumin da yake lissafi ce.

"Ta harbe ni a maƙogwaro," ya ce. "Uwata, ruga gidan can ki ga ko a buɗe yake."

Na ruga. Ƙofa a kulle. Na buga da hannu, na buga da ƙafa, kare yana haushi daga ciki. Ta taga ina hango wayar a kan tebur, kusa da kwanon ƙwai. Na zagaya baya, can ma a kulle. Na nemi dutsen da zan fasa gilashin, na ɗaga, na ga tagar ƙarama ce da sandunan ƙarfe, ko hannuna ba zai kai ba. Da na dawo Baba ya haɗiyi wata ƙwaya daga akwatin magani, yana tsotsar ƙanƙarar firij. Leɓensa ya kumbura, idonsa ya yi ja. Muryarsa ta canza, ta zama ta wani mutum dabam, mai kauri da shaƙewa.

"Wuyana yana rufewa," ya ce wa Mama a hankali, kamar yana yi wa mara lafiya bayani. "Allura nake buƙata, ba ni da ita. Sai mun sauka inda waya take kamawa."

"To tashi mu tafi."

"Ba zan iya tuƙi ba. In na suma a kan hanyar nan, duka mun tafi."

Ya ciro mukulli daga aljihu ya miƙa mata. Ba ta karɓa ba. Ta mayar da hannuwanta bayanta kamar yarinyar da za a yi wa bulala.

"Baban yara, ka dubi girman Allah. Ni? Wannan motar? A wannan hanyar?"

Magana ta fara yi masa wuya. Kaka ce ta miƙe, ba tare da ta nemi sandarta ba. Ta karɓi mukullin daga hannunsa, ta jawo hannun Mama ta danƙa mata, ta rufe yatsunta a kai.

"'Yar nan, ni ban iya ba. Yaran nan ba su iya ba. Tashi."

Mun bar tabarma, mun bar kwanuka, mun bar takalman ƙanena a ciyawa. Baba ya zauna a ƙasan motar ya jingina da kujera, Kaka ta zauna a bayansa ta tallafe shi a ƙirjinta. Na ɗaure ƙanena da bel. Mama ta ce in zauna gaba kusa da ita in riƙe wayar Baba, idona a kai, da zarar sabis ya zo in kira. Kujerar direba ta yi mata nisa, ta rasa inda ake matso da ita, sai ta zauna a bakin kujerar, ƙafarta tana kaiwa da ƙyar. Ta murɗa mukulli, motar ta yi tsalle ta mutu. Ta sake, motar ta sake mutuwa. Ta ce bismillahi da ƙarfi kamar tana faɗa da wani, ta murɗa, motar ta tashi.

Abin da ban lura ba sai da muka fita daga filin shi ne, da muke hawa ramin yana gefen Mama, yanzu da muke sauka ma a gefenta yake, tunda ita ce a kujerar direba. Ba mayafin da za ta rufe fuska da shi. Ta tagarta ba na ganin hanya sam, sai sama da tsuntsaye suna shawagi ƙasa da mu. Ta manne da jikin dutsen da ke gefena har ganye yana sharar gilashi. Duk abin da ke cikin motar yana ƙara, cokula, tukwane, ƙofar banɗaki tana buɗewa tana rufewa. Amma a ƙarƙashin wannan hayaniyar akwai wani sauti da ya fi su duka shiga kunne: numfashin Baba. Kowace shaƙa tana fita da 'yar ƙara siririya, kamar ana hura ƙaramin usur. Na riƙa jira. In ya yi ɗaya sai in riƙe nawa numfashin har in ji na gaba.

A kwanar farko madubin gefena ya daki dutse. Ya fashe, ya karye, ya rage yana reto da waya. Na yi ihu. Mama ko waiwaye ba ta yi ba.

"Duba waya," ta ce.

"Ba komai."

"Ci gaba da dubawa."

Sai ga ƙyauren. Na manta da shi, ita ma na san ta manta. A wurin hanyar takan gangara zuwa wata kwana da ke bakin ramin, ta sake ɗagawa kaɗan, ƙyauren kuma yana kan wannan ɗan tudun. Mama ta taka birki a gabansa, motar ta tsaya hancinta sama. Na dira. Sakatar ta ƙi zamewa, na sa kafaɗa na ɗaga ƙarfen har ya yaga mini fata. Na tura shi ya buɗe, na tsaya riƙe da shi na juyo.

Daga nan na ga abin da har yau nake gani. Mama ta saki birki, motar ba ta yo gaba ba. Baya ta yi. A hankali, kamar ba da gaske ba, farar motar nan ƙatuwa ta fara ja da baya zuwa kwanar, inda katangar ta rushe. Ta gilashi ina ganin fuskar Mama, bakinta a buɗe. Ta taka birki, motar ta girgiza ta tsaya. Mama ta sake gwadawa, motar ta sake ja da baya, ta mutu. Tayar baya ta hau ciyawa. Na ga wani dutse ya zame daga gefen hanyar ya mirgina, ban ji saukarsa ba. A lokacin abu ɗaya ne ya zo mini a rai, kuma ban taɓa mantawa ba: in suka faɗa, ni kaɗai zan rage a nan, riƙe da ƙyauren mutane.

Ta sake tayar da ita. Wannan karon ta taka totur har ƙasa, injin ya yi kururuwa, hayaƙi ya taso daga ƙarƙashi, ƙaurin nan ya cika iska. Motar ta tsaya cak tana rawa, ba gaba ba baya, tsawon lokacin da ban san iyakarsa ba. Sai ta zabura. Ta wuce ta gabana tana goga ƙyauren da gefenta, ta tsaya can gaba inda hanya ta sake gangarawa. Na fara jan ƙyauren zan rufe, don haka aka ce mana.

"Bar shi!" Mama ta daka mini tsawa. "Bar shi ki zo!"

Ban taɓa jin ta ɗaga murya haka ba, ko kafin ranar ko bayanta.

Sauran hanyar a gutsure nake tuna ta. Tumaki kwance a tsakiyar kwalta, Mama tana danna hon tana ce musu don Allah, don Annabi. Miya ta zubo daga firij tana bin ƙasa. Ƙanena ya tambaya da Turancinsa na Manchester ko Baba barci yake yi. Na waiwaya. Kan Baba ya langaɓe a kafaɗar Kaka, idonsa rabi a buɗe, leɓensa ya yi toka-toka. Usur ɗin nan ya koma can ƙasa, da tazara tsakanin ɗaya da ɗaya.

Ka san Baba ɗan fari ne, kuma Kaka irin matan da ne masu alkunya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba. Kai take ce masa, ko wannan, in tana maganarsa da wani ta ce yayan su wane. Ko hannunsa ban taɓa ganin ta riƙe ba. Ranar nan, a bayan motar nan, na ji ta kira shi da sunansa na yanka. Ta kira, ta sake kira, tana ɗan marin kumatunsa.

"Buɗe ido ka dube ni. Ban yarda ba. Ni zan riga ka, ka ji ko? Buɗe ido."

Wannan ya fi ramin ba ni tsoro. Na san in har Kaka ta kira sunan nan, to abin ya kai inda ya kai. Mama ma ta ji. Na ga hawaye yana gangaro mata har haɓa, ba ta da hannun sharewa.

Da na mayar da idona kan wayar, ga ɗan layi ɗaya ya fito a kusurwa. Na danna lambar gaggawa. Wata mata ta ɗauka, muryarta a kwance kamar ba abin da ke faruwa a duniya. Na gaya mata babana likita ne, rina ta harbe shi a wuya, ba ya numfashi sosai. Ta tambaye ni inda muke. Ban sani ba. Na tambayi Mama, ita ma ba ta sani ba, Baba ne ya san sunan wurin. Sabis ya ɗauke. Na sake kira, ina kuka ina roƙon wayar kamar mutum. Aka sake ɗauka. Daidai nan muka wuce wani allo a gefen hanya mai dogon suna da harshen mutanen wurin, wanda bakina ba zai iya furtawa ba. Na ce wa Mama ta tsaya, ta tsaya, na karanta wa matar harafi bayan harafi. Ta ce ta gane. Ta ce mu ci gaba da sauka har gadar dutse da ke ƙauyen, mu tsaya a can, motar asibiti ta riga ta taso. Ta ce kada in kashe, in riƙa gaya mata ko yana numfashi.

Mun riga su isowa. Wannan jiran a bakin gadar shi ne mafi tsawo a rayuwata. Ruwa yana gudu a ƙarƙashi, wani mutum yana cin askirim a kan benci, rana tana haskawa kamar ba komai. Matar tana tambayata, ina cewa yana yi, yana yi, alhali wani lokacin ban tabbata ba. Kaka ta daina kiran sunan, ta koma karanta addu'a a kunnensa. Sai can daga bayan gidajen muka ji jiniya.

Mutum biyu ne, mace da namiji, da koren kaya. Ba su tsaya gaisuwa ba. Macen ta soka masa allura a cinya ta cikin wando, namijin ya ɗora masa abin shaƙar iska a fuska. Suka jira, suka ƙara masa wata. Ina tsaye a ƙofa riƙe da ƙanena. A hankali na ji usur ɗin ya buɗe, ya zama huci, ya zama tari. Baba ya ɗaga hannu yana neman cire abin fuskar don ya gaya musu abin da za su yi, macen ta buge hannun ta ce yau shi ba likita ba ne. Suka ɗora shi a gado suka shigar da shi motarsu.

Sai a lokacin muka lura Mama ba ta sauko ba. Tana nan a bakin kujerar, idonta a kan gilashi, injin yana aiki, ƙafarta a kan birki, hannayenta biyu a kan sitiyari. Na ce Mama, sun ce zai warke. Ba ta ji ni ba. Namijin cikin masu koren kayan ya zo ya ja birkin hannu ya kashe motar, ya ce ta zo ta bi mijinta. Ta ce masa to, amma ba ta motsa ba. Yatsunta ne suka ƙi buɗewa. Kaka ta taso daga baya, zaninta duk miya, ta tsaya a kanta. Ta kama ɗan yatsa ɗaya ta ɓamɓare shi daga sitiyarin, ta kama na gaba, a hankali, har ta gama da hannun dama ta koma na hagu. Ta haɗa hannayen biyu cikin nata tana murzawa.

"Sannu, 'yar nan. Sannu. Kin iso. Allah ya yi miki albarka."

Mama ta kifa kanta a cikin Kaka ta saki wani kuka da ban taɓa jin babba ya yi ba.

Wata mai shago a ƙauyen ce ta kai mu asibitin a motarta. Baffa ya iso daga Birmingham kafin magariba, da rigar aikinsa a jiki. Baba ya kwana biyu aka sallame shi, da allurar da har yau ba ya fita ba tare da ita ba. Baffa ne ya hau ya kwaso tabarmarmu, ya ba mai gonar haƙuri a kan ƙyauren, ta ce ba komai, tumaki sun san hanyar gida. Shi ya mayar da motar Small Heath da madubi ɗaure da tsumma.

Shekaru sun tafi. Kaka ta rasu a Kano ina jami'a, ta riga shi kamar yadda ta ce. Ƙanena, da yanzu ya fi Baba tsawo, ba ya tuna komai sai tumaki da takalmansa da aka bari. An ce yanzu waya tana kamawa har ƙolin duwatsun nan, ban je na gwada ba. Baba ya yi furfura, ya bar aiki, kuma labarin nan ya zama nasa. Duk sallar da aka taru, ko a Manchester ko a gidan Baffa, sai wani ya ce a ba da na rina. Ya iya ba da shi. Yana kwaikwayon yadda motar ta yi tsalle, da yadda Mama take roƙon tumaki don Allah don Annabi, falo ya kaure da dariya, jikoki suna birgima. Ba na jin haushinsa. Rabin hanyar ba ya cikin hayyacinsa, abin da aka gaya masa yake maimaitawa.

Mama kuwa, da zarar ya ce "muna zaune a kan tabarma", sai ta tattara kofuna ta nufi kicin. Da ina yarinya na ɗauka kunyar yabo take ji. Bana na kai shekarun da take da su a ranar, ina da 'yata mai rarrafe, kuma na gane ashe ba wata babba ba ce a lokacin. Yarinya ce, mai tsoron lif, a ƙasar da ba tata ba. A sallar da ta wuce, da ta tashi sai na tashi na bi ta. Na same ta a gaban famfo tana wanke kofin da ba wanda ya sha komai a ciki. Na ɗauki tsumma. Tana miƙo mini ina gogewa, tana miƙowa ina gogewa, har dariyar falo ta lafa. Sannan ta rufe famfon, ta share hannu a zaninta, ta ce, "Ya gama. Mu koma."